Tabon Baƙin Mai a Zangon Kwatano

Duk ɗan Kano da ya yi wayo a shekarun 1990 ya san Kwatano tun bai taɓa taka ta ba. Da an ce wane ya yi mota, abin da za a fara tambaya shi ne, sabuwa ce ko 'yar Kwatano? Sunan garin ya koma sunan kaya. Ni ma a haka na san ta, a bakin mutane da kuma a wayar yayana, wanda ya tafi can yana saurayi, ya shiga harkar motoci, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, har Allah ya yi masa rasuwa a can. Babban wanmu ne ya je ta'aziyya. Ni aka ɗora wa zuwa bayan matarsa ta fita takaba, don a san yadda za a yi da ɗan abin da ya bari.

Na bi motar dare zuwa Legas, daga nan Badagry, sai iyakar Seme, inda Najeriya da Benin suka haɗa ofisoshinsu wuri ɗaya tun Oktoba 2018. Daga iyaka zuwa cikin gari ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba idan hanya ta yi kyau. Abin da zai fara cika maka ido shi ne 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa, kowa da lamba a bayansa, kamar an zazzage buhun masara a titi. Su ake kira zemijan, wato "ɗauke ni da sauri" a yaren mutanen wurin. Ban iya Faransanci ba, amma kalma ɗaya ta ishe ni. Na ce "Zongo", ya gyaɗa kai, ya miƙo mini hular kwano.

A takardun hukuma unguwar kashi biyu ce, Zongo Nima da Zongo Ehuzu, duk a gunduma ta 5 ta birnin. A ƙasa kuwa ba ka ganin wata iyaka. Abin da kake gani shi ne babban masallaci da hasumiyoyinsa, da masu kiɗan tazbi a gindin inuwa, da masu canjin kuɗi, da hayaƙin tsire wanda mutanen nan suke ce wa cacanga. Tashar jirgin ruwa tana kusa, tashar jirgin ƙasan da a da ke zuwa Parakou ma haka, ga kuma tashar mota ta Jonquet. Ka tsaya minti biyar a ƙofar masallaci za ka ji Hausar Kano, ka ji ta Adar, ka ji Zabarmanci da Dandanci da Yarbanci, duk an gauraya su da Faransanci kamar gero da dawa a kwarya ɗaya. Mutumin da ya sayar mini da katin waya daga Tawa yake, wanda ya nuna mini gidan yayana kuma kakansa ne ya zo daga Sakkwato, shi bai taɓa zuwa ba.

Zango dai tsohuwar kalmarmu ce, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta arewacin ƙasar nan suke ratsawa, ta Nikki da Parakou da Jugu, kafin su kai Salaga. Kwatano ba ta cikin wannan tsohuwar hanya. Ita sai da Faransawa suka yi mata gadar sauke kaya a bakin teku, aka shimfiɗa dogo zuwa arewa, sannan aka buɗe tashar jirgin ruwa ta zamani a 1965, ta zama ƙofar da kayan Nijar ke shigowa. Jikokin masu jakuna sai suka koma masu tirela. Daga baya motocin Turai da aka gaji da su suka fara sauka, daga titin Heyvaert na Brussels zuwa tashar Antwerp, daga can jirgi ya juye su a nan, dubu ɗaruruwa a shekara lokacin da harkar ke ganiyarta. Mafi yawansu Najeriya suka nufa, ko kai tsaye ko ta zagaye ta Nijar. Shi ya sa a Kano wasu ke ce musu 'yan Beljiyam, a nan kuma a ce "wadda ta zo daga Faransa", ko da daga Jamus ta fito.

A wannan ruwa yayana ya yi iyo shekara da shekaru. Ba shi da jari mai yawa, dillali ne, ya san filayen ajiye motoci kamar tafin hannunsa, Alhazan Kano da Katsina su sauka a wurinsa ya kai su ya karɓi la'adarsa. Sai Naira ta faɗi a 2016, gwamnatin Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, aka kuma rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ɗan abin da ya rage ta ɓangaren Nijar shi ma ya tsaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka datse gadar Malanville da Gaya. Mutumin da ya sayar wa jama'a motocin da shi kansa bai san adadinsu ba, da ya tashi barin duniya mota ɗaya ya bari: Toyota Carina E ta 1996, mai giyar hannu, wadda yake ɗan jigilar kayan 'yan kasuwa da ita daga Dantokpa.

Na same ta a lungun bayan gida, an lulluɓe ta da tamfol, an danne da duwatsu. Wata biyar tana nan, kuma damina ta bi ta kanta. Wanda bai san Kwatano ba, gari ne da ke shimfiɗe kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokoué, da an yi ruwa mai ƙarfi sai lunguna su koma kududdufi. Da muka tura ta baya, sai ga yashin da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin, faɗin faifai biyu, ga wasu ƙananan tabo a gefe.

Kafin la'asar dillalai biyu sun zo, abokan marigayi ne, kuma ban ce da mugun nufi suka zo ba. Ɗayansu ya ja ni gefe.

"Alhaji, kada ka wahalar da kanka. A wanke injin nan da kananzir da omo ya yi fes, a zuba mata mai mai kauri, a caja batir. Kwana biyu na samo maka mai saye. Kafin ta sake ɗiga ta kai Bohicon."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Kwana huɗu na ce wa maigidana a kasuwar Kwari zan yi. Amma da dare da na zauna da matar yayana, sai ta kawo wata magana. Ita haifaffiyar Zango ce, iyayenta suna nan, ba ta da niyyar komawa Kano da yara.

"Malam, in an sayar da ita kuɗin wata nawa za su yi mana? Motar nan ita ke biyan haya. Ga ɗanka nan ya iya tuƙi, babansa ya koya masa, lasin kawai ya rage. In za ta gyaru a gyara. In ba za ta gyaru ba, to a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke jikinta, kada a ci da marayu da haƙƙin wani."

Na ce, "To Yaya, bari mu ji ta bakin masu sana'ar."

Garejin da yayana ke kai ta ba shi da allo. A da, in ji yaran, a bakin titi suke aiki, sai da aka yi rusau na farkon 2017, lokacin da gwamnatin Patrice Talon ta kori duk wanda ya mamaye gefen hanya, suka koma cikin wani kango. Maigarejin dattijo ne mutumin Adar, gajere, ba ya son surutu, kowa Baba yake ce masa. Yaransa bakwai, akwai Bahaushe, akwai Bayarabe, akwai 'yan ƙabilar Fon, kowa yana jiran ranar yaye shi, don a nan sai an yi biki na musamman ubangida ya sallami yaro kafin ya buɗe nasa wurin.

Rigimar farko da muka yi ta yare ce, alhali duk Hausa muke ji. Na ce ina jin giyabos ce ke yoyo, ya ce wace ce haka? Ashe su buwat suke cewa. Shaf ɗina shi ne kardan ɗinsa, kulochi ambirayaj, oyil sil kuma juwan-sipi, juyen baƙin mai bidanj. Kuɗi ma haka. Ya ce jaka, ina lissafin tsohuwar jakar Najeriya, shi kuma sefa 1,000 yake nufi. Ɗan yayana ne ya zama tafinta tsakanin Hausar Ingilishi da Hausar Faransi, yana yi yana dariya. Wannan ce dariyarsa ta farko da na gani tun zuwana.

Baba bai taɓa sifana ba a ranar farko. Ya sa aka duba ma'aunin mai, aka cike wanda ya ragu, aka tayar da ita da batirin aro, aka ja ta a hankali zuwa kango. Sai ya sa aka wanke injin tas, abin da dillali ya ce a yi ke nan, amma shi don ya ga inda man ke fitowa. Bayan ta bushe ya barbaɗa hodar jarirai a jikin injin da giyabos, aka bar ta tana aiki kusan rabin awa, aka kashe, aka shimfiɗa kwalin firji a ƙarƙashinta ta kwana.

Da safe kwalin ya zama kamar allon makaranta, ya tsuguna yana karanta mana. Baƙin tabo mai santsi a tsakiya, baƙin mai ne na inji. Na gefen hagu mai ruwan zuma, ya dangwala ya kai hancina, wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ya ce man giya ke nan, ba a ɓata shi da komai. Ja siriri a gaba, man sitiyari. Ya ce da akwai kore ko ja mai ɗan zaƙin ƙamshi da ke bushewa ya bar fari-fari, da ruwan lagireto ne, kuma idan ka ga ruwa garai-garai yana ɗiga bayan an kunna na'urar sanyi, wannan gumi ne kawai, kada wani ya karɓi kuɗinka a kansa. Sannan ya zagaya baya, wurin da ni ban ma kalla ba, ya nuna cikin tayar dama. Akwai danshi ya gangaro ta bayan gangar birki.

"Wannan shi ne babba," in ji shi. "Sauran duk ɓarnar kuɗi ne. Wannan kuwa rai ne."

Silindar birkin baya ce robarta ta mutu, man yana tsiyaya cikin ganga yana jiƙa lainin. Man birki yana da wata ɗabi'a, yana zuƙar danshin iska, kuma a gari irin Kwatano danshi ba ya yankewa. Ruwan da ya shiga shi ke cin silinda ta ciki. Da aka ɗaga motar sai ga ƙarfen bututun birkin ma ya yi tsatsa har yana ɓarewa a wuri biyu. Baba ya ce rabin wannan tsatsa daga Turai ta taho da ita, gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, sauran rabin kuma iskar teku ta ƙarasa. Na tuna maganar dillali, wai kafin ta ɗiga ta kai Bohicon. Na ƙiyasta ta da mutum shida da kaya tana gangara tudun Dassa, na yi shiru.

A kan baƙin mai ya fi daɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa. Ni da na ga kwanon ƙasan inji, wanda makanikanmu ke ce wa botom filet, jiƙe sharkaf, na yanke cewa shi ne. Ya ce mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma ta kora shi baya idan ana gudu, saboda haka inda ka ga ya taru ba nan ya fito ba. Wuri mafi tudu da ya jiƙe ake nema. Hodar ta nuna layi biyu. Ɗaya daga gasket ɗin murfin saman inji, wanda zafi ya ƙona har ya koma kamar busasshiyar fata, yana karyewa a hannu. Ɗayan daga 'yar robar zobe da ke gindin distirbuta, abin da bai kai zoben yatsa girma ba. Su biyun nan aikin awa ɗaya ne. Amma akwai na uku, ɗigo daga daidai mahaɗar inji da giyabos, ta ƙasa.

Wannan shi ne sil ɗin bayan karanshaf. Kuɗinsa kaɗan ne, sai dai ba a isa gare shi sai an cire shaf biyu, an sauke giyabos, an kwance kulochi da faifan da ke bayansa. Baba bai yarda nan take ba, don man da ya zubo daga distirbuta ma ta nan yake bi ya gangaro. Sai da aka canja na sama biyun, aka sake wankewa, aka sake barbaɗa hoda, ta sake kwana a kan sabon kwali. Ɗigon ya ragu, bai tsaya ba. Kwana na uku ke nan, na kira Kano na ƙara neman uzuri.

Ya kuma nuna mini wani abu da ban taɓa jin wani bakanike ya ambata ba. A saman murfin injin akwai wani ɗan bawul da tiyo, wanda ke zuƙe tururin da ke taruwa a cikin inji. Idan ya toshe, tururin ba shi da mafita, sai ya riƙa tura mai ta kowace roba da ta yi rauni. Ya cire na Carina ya girgiza a kunnena, shiru. Ya ce mai lafiya ƙara yake kamar tsakuwa a gwangwani. Duk wanda ya canja sil bai duba wannan ba, wata uku zai dawo.

Tun da za a sauke giyabos, sai maganar kulochi ta taso. Ɗan yayana ya ce babansa ya daɗe yana ƙorafin idan ya ɗauki kaya ya sa giya ta huɗu ya taka totur, injin sai ya yi ta ihu motar ba ta ƙara gudu. Da aka buɗe, faifan ya cinye har ya kusa kai ƙusoshinsa, ga kuma mai ya taɓa shi. Nan ba a yi gardama ba, don kuɗin aikin ɗaya ne, kuma babu mai hankalin da zai mayar da tsohon faifai ya sake biyan kuɗin sauke giyabos bayan wata biyu. Man giyan kuma ta sil ɗin da shaf ɗin hagu ke shiga yake fita. Shi kansa shaf ɗin robarsa ta waje ta yage, giris ya fantsama a cikin taya, yashin lunguna ya shige ciki ya cinye ƙwallayen. Alamar ita ce ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kan mota gaba ɗaya ana tafiya a hankali. Da an kama shi tun robar na sabuwar yagewa, roba da giris kawai za a saya.

Kafin a kashe ko dala, na je wurin wani malami bayan sallar azahar a babban masallaci, don kuɗin marayu ba abin wasa ba ne. Muka tsaya a kan cewa ni zan ba da kuɗin gyaran a matsayin rance, a rubuta da shaidu, mutum uku masu sanin mota su yi mata kuɗi kafin gyara da bayan gyara, ta zauna a matsayin dukiyar magada, kowa da rabonsa a abin da ta samo.

Sayen kaya ya ci yini guda. A nan, kamar a Ladipo ta Legas, 'yan ƙabilar Ibo ne suka fi riƙe da harkar, kuma kaya iri biyu ne: sabo a kwali, da wanda aka ciro daga motocin da aka farfasa a Turai. Ƙa'idar Baba a taƙaice take. Duk abin da yake roba, sil ne, gasket ne, tiyo ne, robar birki ce, sabo za a saya kuma mai kyau, don tsohuwar roba ta riga ta mutu ko da ta yi kyau a ido. Abin da yake ƙarfe kuwa, kamar shaf, gara na asali da aka ciro daga wata motar a kan sabo maras suna. Ya kuma hana a cika ko'ina da gam ɗin silikon kamar yadda yaran gareji ke so, ya ce ɗigo kaɗan a kusurwa ya isa, ragowar ciki yake faɗawa ya toshe rariyar famfon mai.

A kan shaf ɗin ne na yi kuskurena. Yaron da aka haɗa ni da shi ya nuna mini na asali, duk datti, kuɗinsa ya kusa ninka na wani sabo fil mai sheƙi a kwali. Na lissafa abin da na riga na kashe, na ɗauki mai sheƙin. Baba ya juya shi a hannu, ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, kuɗinka ne." Bai ƙara komai ba, ya sa aka ɗaura.

Kwana biyu giyabos tana ƙasa a kan tsohuwar taya. A kwanakin nan na san Zango fiye da yadda na zata. Da safe atasi, wato shinkafa da wake da yaji soyayye, da wagashi, cukun Fulanin arewacin Benin mai jan baya. Da hantsi in zauna wurin direbobin tirela 'yan Nijar da suka rage, suna ba da labarin yadda kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, mutane kuma suna tsallaka kogi a kwalekwale tsakanin Gaya da Malanville. Da yamma in taka zuwa bakin titin Marina in kalli mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka buɗe a Yuli 2022, ga dogon bangon tashar jirgin ruwa da aka cika da zane. Garin yana ta sabunta fuska, tituna sun sha kwalta, ana ta maganar tayar da Dantokpa kanta. Mutanen Zango suna kallon abin da ido biyu, suna yaba tsaftar, suna kuma tambayar ina za a tura su.

Rana ta bakwai aka rufe komai, aka zuba sabon man giya da baƙin mai, aka canja bututun birki da silinda da lainin na ɓangarorin biyu, aka fitar da iska har feda ta yi tauri. Baba ya ce a sha mai a gidan mai, kada a sa mata na kwalba. Fetur ɗin bakin titi da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda suke ce wa kpayo, shi yawancin garin ke sha, ko da yake arharsa ta ragu tun da aka cire tallafi a Mayu 2023. Ya ce yau gwaji za mu yi, ba ya son wani abu ya rikita masa kunne.

Muka haye gada zuwa Akpakpa muka miƙi hanyar Porto-Novo, babban yaronsa na tuƙi, Baba a gefensa, ni da ɗan yayana a baya. A wannan hanya, wajen Sekandji da Ekpè, filayen motocin suke, katanga bayan katanga. Yaron ya riƙa nuna mini inda babansa ke tsayawa da safe, da rumfar da suke cin abinci. Har yanzu akwai motoci jere a rana, amma ya ce da ba ka samun wurin taka ƙafa, ga 'yan Labanan masu kaya, ga dillalai, ga masu wanki, ga direbobin da ke jiran a haɗa ayari zuwa arewa.

Muna wuce shingen karɓar kuɗin hanya direba ya taka ta. Giya ta huɗu ta kama daram, babu ihu. Sai da allura ta kai wajen 80 muka ji ƙasan motar na karkarwa, ya ɗaga ƙafa ta daina, ya sake takawa ta dawo. Baba bai waiwayo ba. Ya ce wa direban, da Hausa don in ji, karkarwar da ke zuwa da taka totur ta tafi da ɗaga ƙafa, mahaɗar ciki ce ta kardan, da taya ce ba ruwanta da totur, da boris ne kuwa gurnani za a ji yana ƙaruwa da gudu. Ɗan yayana ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Muka yi azahar a tsohon masallacin Porto-Novo, wanda zuri'ar bayin da suka dawo daga Brazil suka gina da fasalin ginin can, wanda bai sani ba zai ɗauka coci ne. Da muka dawo na koma shagon, mai kaya ya ce abin da aka ɗaura ba ya dawowa. Na sayi mai dattin da kuɗinsa cikakke, na haɗa da wani sabon sil, don Baba ya ce wanda aka zare shaf ta cikinsa sau biyu ba ya amince masa. Asarar ban sa ta cikin takardar rance ba.

Man sitiyari kaɗai aka bari. Ɗigon daga jikin rak yake, kaɗan ne, gyaransa kuma yana da tsada. Baba ya ce a riƙa duba shi duk Juma'a ana cikewa da irin jan man da aka rubuta a murfinsa, ranar da ya fara shan fiye da murfin kwalba biyu a mako a kawo ta. An sami wani direba dattijo, maƙwabcinsu, zai riƙa aiki da ita tsakanin Dantokpa da Porto-Novo, yaron yana binsa har ya sami lasin.

Ranar da zan tafi, bayan asuba, na fito da jakata na tarar da shi a lungu ya riga ni. Ya tura motar baya shi kaɗai, ya jawo kwalin da ya shimfiɗa da dare yana haska shi da fitilar waya.

"Baffa, zo ka gani."

Ɗigo ɗaya ne ja, bai kai ƙwayar wake ba, ta ɓangaren direba. Ya zagaye shi da biro, ya rubuta kwanan wata a gefe da Faransanci, ya jingina kwalin a bayan ƙofa. Uwarsa ta miƙo mini ƙullin wagashi in kai wa iyali, ɗan zemijan yana ta danna oda a bakin lungu.